Sirace ko Kofin Ruwa: Wanne Ke Fitar da Dattin Jiki?

Idan mutum ya ce jikinsa ya yi masa nauyi, bakinsa na ɗaci, kasala ta hana shi sakat, shawara iri biyu yakan samu. Wasu su ce datti ne ya taru, ya yi gumi kawai: a dafa masa ganyen darbejiya ya lulluɓa da bargo ya yi sirace, ko ya sa rigar leda ya fita gudu da rana, ko in yana da hali ya shiga ɗakin tururi a gidan motsa jiki. Wasu kuma su ce sam, ta fitsari datti ke fita, ya yi ta shan ruwa, ya haɗa da jiƙon wankin mara irin wanda ake talla da lasifika ranar kasuwa. Masu shawarar gumi sun fi samun magoya baya, don gumi abu ne da ido ke gani, kuma bayan an yi shi mutum kan ji wasai.

Ra'ayina shi ne, in dai tsabtace jini ake nufi, aikin ƙoda ne, gumi bai kama ƙafarta ba. Amma masu cewa a yi ta tura jiki ya yi fitsari su ma rabin gaskiya suka riƙe, kuma rabin da suka bari yana kai mutane gadon asibiti.

A fara da tambayar da ba a cika yi ba: wane datti ne ake magana? Nama, wake, ƙwai, kifi da duk abinci mai gina jiki, idan jiki ya gama amfani da su sukan bar wani guba mai suna amoniya. Hanta ce ke karɓar amoniyan ta mai da shi yuriya, sinadarin nan dai da manomi ya sani a buhun takin zamani. Baligi mai cin abinci daidai yakan samar da wajen giram 25 zuwa 30 na yuriya kullum. Tsoka kuma tana zubar da nata, kiriyatinin, giram 1 zuwa 2 a rana. Ga rarar gishiri, ga rarar sinadarin fotashiyam wanda idan ya yi yawa a jini yakan tsayar da zuciya, ga tsamin da ke taruwa a jini, ga ragowar magungunan da aka sha. Duk waɗannan a narke suke cikin jini, dole a sami mai tsamo su.

Ƙoda biyu ne, kowacce tsawonta bai wuce santimita 11 zuwa 12 ba, nauyinta wajen giram 150. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa su yake bi, fiye da lita guda a kowane minti. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A yini da kwana sukan tace ruwa kusan lita 180 daga jini, wato jarka tara masu cin lita 20. Da duk wannan zai fita, da mutum bai kai azahar ba. Abin da ke faruwa shi ne, bayan an tace, ruwan yakan bi ta wasu siraran bututu, a nan ƙoda ke mayar da kusan kashi 99 cikin ɗari zuwa jini, tare da sukari da gishirin da jiki ke buƙata, ta bar abin da ba a so. Lita ɗaya zuwa biyu da suka rage su ne ke gangarawa mafitsara.

Wannan mayarwar ita ce bambancin da ya fi kowane girma tsakanin hanyoyin biyu. Ƙoda zaɓe take yi. Ka ci kilishi mai gishiri da yawa, gobe gishirin fitsarinka zai ƙaru. Ka kwana biyu ba ka ci gishiri ba, za ta riƙe shi har ya kusa ɓacewa daga fitsari. Ruwa ya yi ƙaranci, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa zai saki sinadarin da likitoci ke kira ADH, ƙoda ta matse ruwan, fitsari ya fito kaɗan, ja-ja, mai kauri har ninki huɗu na kaurin ruwan jini. Ka sha ruwa da yawa, ta sake shi fari tas. Awa ashirin da huɗu take wannan lissafi, kana barci kana farke.

Gumi ba ya lissafin datti ko kaɗan. Abin da ke kunna shi zafi ne, sai kuma tsoro ko fargaba. A fatar mutum akwai maɓuɓɓugan gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma umarni suke karɓa daga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ɗumin jiki, wanda ke son ya riƙe shi a wajen digiri 37. Da jini ya ɗau zafi sai a buɗe su, ko da kuwa jinin tsaf yake. Idan kuma gari da sanyi, ko yuriya ta cika jini maƙil ba za su motsa ba. Abin da ke fitowa kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ne, sai gishiri, sai ɓurɓushin yuriya da wasu 'yan sinadarai. Aikinsa irin na randa ne: ruwa ya tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Kowace lita guda ta gumi da ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi mai yawa, kimanin kalori 580 irin wanda ake auna abinci da shi. Wanda ya ɗiga ƙasa ko aka goge da hankici bai sanyaya komai ba. Shi ya sa zafin Legas ko na tsakiyar damina ke da cin rai, iska ta riga ta ƙoshi da laima, gumi sai tsiyaya yake ba ya bushewa. A Agadas ko Sakkwato cikin bazara kuwa yakan bushe tun kafin ka gan shi, sai dai da yamma ka tarar da farin gishiri ya zana taswira a bayan rigarka.

To, a gwada su da awo. Lita guda ta gumi galibi ba ta ɗauke da yuriyar da ta kai giram ɗaya. Ke nan wanda yake so ya fitar da yuriyar yini guda ta fata sai ya zubar da gumi fiye da lita 25, alhali lebura mafi juriya a rana mafi zafi lita 10 zuwa 12 yakan yi, shi ma yana sha yana mayarwa. Ƙoda kuwa, idan ta matsa, a cikin rabin lita kacal za ta tattara dattin yinin gaba ɗaya. Ga kuma hasarar da gumi ke jawowa: kowace lita tana tafiya da gishiri wajen rabin ƙaramin cokali, gishirin da jiki bai ce ya gaji da shi ba.

Wani zai ce, in ba datti ba ne, me ya sa gumi ke wari? Gumin goshi da na baya ba shi da wari sa'ad da ya fito. Warin daga hammata da matsematsi yake, inda akwai wasu maɓuɓɓugai na dabam da ba sa fara aiki sai an balaga. Ruwansu yana da maiƙo, ƙwayoyin cuta da ke zaune a kan fata su ci shi, abin da suka bari shi ne tsamin da ake ji. Sabulu da ruwa ne maganinsa. Malaman fiƙihu ma tun tuni suka raba su: fitsarin mutum najasa ne, sai an wanke, amma ba wanda ya ce a sake alwala ko a canza riga don an yi zufa.

Kuma ba yau aka fara gwada maye gurbin ƙoda da gumi ba. A shekarar 1827 wani likita a Landan mai suna Richard Bright ya nuna cewa kumburin jiki da fitar sinadarin gina jiki a fitsari alamun lalacewar ƙoda ne. Shekaru da dama bayan nan, abin da likitocin Turai ke yi wa irin waɗannan majinyata shi ne wanka da ruwan zafi, naɗewa cikin barguna, da magungunan sa gumi da gudawa. Kumburi yakan ɗan sabe, amma wanda ƙodarsa ta tsaya cak bai tsira ba. Sai a 1945, a garin Kampen na ƙasar Holan, Willem Kolff ya ceto wata tsohuwa da na'urar wankin jini da ya haɗa. Har yau idan ƙoda ta mutu mafita biyu ce: wankin ƙoda, yawanci sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, ko dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002. Fata takan yi iya ƙoƙarinta, har ma a kan ga yuriya ta bushe fari-fari kamar gari a fuskar wanda ciwon ya ci ƙarfinsa, amma likita in ya ga haka ya san abu ya yi nisa ne.

Kada wannan ya sa a raina gumi. A fagensa ba shi da na biyu, kuma rashinsa ya fi saurin kisa. Mai mataccen ƙoda yakan yi kwanaki, wanda zafi ya fi ƙarfin guminsa awoyi kawai gare shi. Da ɗumin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu ko ya faɗi, ƙwaƙwalwa da hanta da ita kanta ƙodar duk suna cikin haɗari. A aikin Hajjin 2024, da zafin Makka ya haura digiri 51, mahajjata fiye da 1,300 ne suka rasu. A watan Afrilun shekarar, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Wanda zafi ya kayar haka ba jiƙo yake buƙata ba: inuwa, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwa ana fifita, a garzaya asibiti.

Inda zaɓin ya zama na gaske shi ne, hanyoyin biyu daga tulu ɗaya suke ɗiba, kuma idan ruwa bai isa ba jiki gumi yake fifitawa. Dole ne ya sanyaya kansa yanzu, datti ya jira. Sai jinin da ke zuwa ƙoda ya ragu, a karkata shi zuwa fata da tsoka, fitsari ya ƙanƙance. Wato wanda ya shiga bargo don ya wanke jininsa, a daidai wannan lokacin ya rage wa mai wankin na gaskiya ruwan aiki. Sau ɗaya ko biyu ga mai lafiya ba wani abu ba ne, ya sha ruwa komai ya daidaita. Amma a ce kullum ne, shekara da shekaru? A Nikaraguwa da El Salbado dubban masu saran rake, samari majiya ƙarfi da ba su da hawan jini ko ciwon suga, sun mutu da ciwon ƙoda, kuma aiki cikin tsananin zafi ba isasshen ruwa na cikin manyan abubuwan da masu bincike suka ɗora wa laifi. A gonakin da aka tsara musu ruwa da inuwa da hutu a kai a kai, raunin ƙoda ya ragu. Ban ga abin da ya raba su da birkila a Maiduguri cikin watan Afrilu ba, ko mai tsayuwa bakin tanda a gidan burodi, ko ɗan dako a Dawanau.

Akwai abin da ke ƙara dagula lamarin a wajenmu. Lebura ya tashi aiki jiki duk ciwo, bai sha ruwan kirki ba, sai ya biya kemis a haɗa masa maganin gajiya. A cikin haɗin ba a rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci ma biyu a tare. Waɗannan magunguna suna toshe hanyar da ƙoda ke bi ta buɗe jijiyoyinta idan jini ya yi mata ƙaranci. Ga bushewa, ga su kuma, kullum dare. Mai irin wannan aiki ya fara shan ruwa ya ci abinci tukuna, in ciwon bai lafa ba farasitamol daidai ƙa'ida ya fi wa ƙodarsa sauƙi.

Mai zazzaɓi fa? Nan ne imanin mutane da gumi ya fi ƙarfi, don kowa ya ga yadda zufa ke karyowa sai zazzaɓi ya sauka. Amma ba zufar ce ta kori cutar ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ɗaga ma'aunin ɗumin jiki sa'ad da ake yaƙi da cuta, shi ya sa ake rawar ɗari, da ta sauke shi sai jiki ya zubar da rarar zafin ta gumi. A zazzaɓin cizon sauro ƙwayoyin cutar suna nan daram a jini, jibi ko gobe su sake tayar da shi. Sirace zai iya buɗe hanci ya sa a ji daɗi, ban hana babba mai mura ba in ya kiyaye ƙuna. Amma lulluɓe yaro mai zafin jiki da bargo don ya yi gumi ganganci ne. A rage masa kaya, a ba shi ruwa ko nono, a kai shi a gwada jininsa. Gumin dare kuma mai jiƙa shimfiɗa, in ya haɗu da tarin da ya wuce mako biyu da rama, a je a yi gwajin tarin fuka.

Masu son rage teɓa da rigar leda ko ɗamarar roba, kilo ɗaya ko biyu da sikeli ya nuna sun ragu ruwa ne, zai dawo da kofi na uku. Kitsen da aka ƙona yawancinsa ta huhu yake fita, a iskar da ake fesarwa. Motsa jiki na da amfani ƙwarai, har ga ƙoda, don yana sauke hawan jini da suga, waɗanda su ne kan gaba wajen kashe ta. Sai dai amfanin a motsin yake, tafiyar asuba cikin sanyin hunturu ba ta gaza ta tsakar rana ba don ba a jiƙe ba.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Yawan fitsari ba shi ne yawan tsabta ba. Ƙoda mai lafiya za ta fitar da dattin nan ko a lita ɗaya da rabi ko a lita huɗu, ƙarin ruwa ne kawai ya ƙaru. Jiƙon da ke sa mutum zarya bayan gida, ko ƙwayar Lasix da wasu ke saya don kumburin ƙafa ba da izinin likita ba, ruwa da gishirin jiki suke tatsewa, ba su ƙara wa matatan nan ƙarfi ba. Abin da ya fi damuna da kwalaben wankin mara shi ne ba mai iya gaya maka abin da ke ciki da yawansa, kuma duk abin da ka haɗiya a ƙarshe hanta da ƙoda ne za su yi fama da shi. Likitocin ƙoda a asibitocinmu sun saba karɓar wanda fitsarinsa ya ɗauke bayan ya sha wani haɗi. Haka man bilicin mai ɗauke da sinadarin makuri: ta fata yake shiga, ya je ya lalata matatan ƙoda. Ruwan ma kansa yana da iyaka. Ƙoda ba ta iya fitar da fiye da kusan lita ɗaya a awa, wanda ya ɗura lita huɗu a zama ɗaya zai iya tsinka gishirin jininsa har ya suma.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne launin fitsari. Ruwan ɗorawa mai haske, sau biyar zuwa bakwai a yini, ruwanka ya isa. Ya yi duhu kamar shayi, ga shi ɗan kaɗan, ƙara ruwa. Mai zaman ofis ko shago a inuwa, ledar fiya wata huɗu zuwa biyar tare da ruwan da ke cikin abinci galibi sun wadatar. Mai aikin ƙarfi a rana kuwa leda ɗaya zuwa biyu a kowace awa, kaɗan-kaɗan, kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi, kuma ya ci abincinsa da gishiri yadda aka saba. In gumi ya yi yawa har nama na ɗaurewa, ruwan gishiri da suga ya fi lemon kwalba: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin cokali na gishiri. Mai azumi a bazara ya rarraba shansa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon ya ɗure ciki gab da kiran assalatu, don rarar da ya ɗura lokaci guda kafin hantsi ta fice. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sikila kuma nasa ya fi na kowa tsanani, domin ƙodarsa tun yana yaro ba ta iya matse ruwa sosai, ko yana bushewa fitsarinsa zai ci gaba da zuwa fari, don haka launi ba zai gargaɗe shi ba, sirace da gudu a rana ba nasa ba ne sam.

Akwai kuma masu ƙin shan ruwa da gangan: direban doguwar tafiya, mace a kasuwar da ba bayan gida mai kyau, dattijon da ba ya son alwalarsa ta karye tsakanin azahar da la'asar. Uzurinsu a fili yake, amma fitsari mai kauri da ke daɗewa a mafitsara shi ke share wa tsakuwar ƙoda da ciwon mara hanya. Salla da matsin fitsari ma an karhanta ta.

Wasu alamun kuwa ba ruwa ba gumi da zai gyara su. Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da ke wanka a kududdufi ko aikin fadama, tsargiya ce mafi yawa, kuma maganin praziquantel na kashe ta. Fitsari mai yawa dare da rana da ƙishirwar da ba ta yankewa, har tururuwa na taruwa a wurin, a auna suga. Kumfar da ba ta bajewa, da kumburin fuska da safe, sinadarin gina jiki ne ke yoyo. Fitsari baƙi-baƙi da idanu rawaya, hanta ce ko fashewar ƙwayoyin jini. Dattijon da fitsari ke fita da ƙyar yana ɗiga, a duba ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsararsa kafin matsin ya koma sama ya taɓa ƙoda.

Ƙoda takan yi asarar fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji komai ba, fitsarinsa ma na zuwa kamar kullum. Saboda haka kuɗin da za a kashe a ɗakin tururi ko kwalbar jiƙo, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, da wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, gara su kai shi ɗakin gwaji sau ɗaya a shekara: awon hawan jini, gwajin fitsari na ɗan tsinken nan da ake tsomawa, da gwajin kiriyatinin a jini. Wanda kuma likita ya riga ya ce masa zuciyarsa ta raunana ko ƙodarsa ta yi nisa, duk lissafin ledojin da na yi a sama ba da shi nake ba. Shi ruwa auna masa ake yi, ya tsaya a kan adadin da aka yanka masa, ya kuma nisanci kanwa da yawan dunƙulen miya, don sodiyam ɗin da ke cikinsu shi ke riƙe ruwan da ke kumbura shi.